Irin Gero da Mota Marar Fitilar Baya

Sabon Birni zuwa Isa

Shekarar da shuka ta ƙone mana sau biyu, rumbuna babu ko irin da za mu sake binnewa. Kawuna a Isa ya aiko in zo in ɗauki buhu uku na irin gero. Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka tashi a a-kori-kurar Mamman, maƙwabcina. Batirinta ya mutu, sai da aka tura. Bakwai saura muka isa.

Isa

Mun ci fura a gidan Kawu, muka ɗora kaya, mota ta ƙi tashi. Wani direba ya ara mana batir, amma garin sauri aka haɗa wayoyin a juye. Wani abu ya yi ƙauri. Ta tashi dai, sai dai fitilun baya da sigina duk sun mutu. Mai gyaran wayar mota ya yi ta fama har bayan la'asar, ya ce fiyus da wayoyi sun ƙone, sai gobe a samo wasu. Ga hadari ya haɗo ta arewa, na farko cikin sati biyar. Na ce wa Mamman ko a ka ne, yau irin nan zai kwana gida. Biyar da rabi muka kama hanya.

Turba

A shinge wani mai kaki ya zagaya bayan mota, ya sa Mamman ya taka birki, babu haske. Ya ce mota ta kwana nan, ko mu sauke buhu guda.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wanga ba hatsin ci ba ne, iri ne. Gida huɗu ke jiran shi. Ba ni sauke ko tiya guda."

Ya tambayi wa zai nuna wa na baya za mu tsaya. Na ce ni za ni nuna. Na cire jar hulata na kifa a bakin tocila, na hau kan buhuna. Ya duba jan hasken da ta bayar, sannan ya ɗage sandar shingen.

Gida

Haka muka taho, in Mamman zai taka birki ya buga rufin mota in ɗaga tocila, in zai karya kwana in miƙa hannu. Wata babbar mota ta taho mana ta baya a guje, na miƙe tsaye ina kaɗa jan hasken har ta lafa. Ana sallame magariba muka shiga gari, yayyafi na dukan buhuna. Na gode wa Allah, na gode wa Mamman. Washegari da hantsi gida huɗun duka muna gona.