Filaskon da Na Dafa wa Yaya Dije

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayata Dije, mai tuwon bakin titi a Tsafe. Har yau ban yi mata kukan kirki ba. Nakan zauna in jira shi, ba ya zuwa.

A ƙarshen daminar waccan shekarar, masassara ta zagaye gidanmu kaf. Mura, tari, ciwon gaɓoɓi, kwana uku ko huɗu mutum ya miƙe. Ni ma na yi na tashi. Da ta kama Yaya Dije sai na ce mata, "Irin tamu ta, Yaya. Jibi war haka kina gaban tukunya."

Ban lura cewa ita ba ta mura, ba ta tari ba. Zafin jikinta kullum gaba yake yi, na yau ya fi na jiya, ga ciwon kai, ga ciki ya ɗaure. Mako biyu muna haka. Ni sarkin wayo, na ce dattin ciki ne ya riƙe masassarar, na tsinko filasko a bayan gidanmu na dafa mata don ya wanke ta. Ta shanye tana yamutsa fuska, ta ce, "Ke dai Hajo, ba ki iya komi ba sai ɗaci."

Washegari cikinta ya kumbura, ya yi tauri kamar ƙwarya. A asibitin Gusau likita ya tambaye ni kwana nawa. Na ce sha shida. Ya ajiye biro. Ya ce taifot ne, har ya huda hanji. Da an kawo ta a makon farko, magani kawai za ta sha. Na tambaye shi ko filaskon ne. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba. Ta cika kafin a shiga da ita tiyata.

Yanzu duk wanda kansa ya sara sai ya ce taifot, ya nufi kemis ba gwaji. Da tana nan da ta yi mana tsiya: jiya ba mu san shi ba, yau kowa da nasa.

'Yarta ce ke tuƙa tuwo a wurin yanzu, da muciyar uwarta. Ni kuwa a Bungudu, inda nake aure, an san ni da tambaya: "Kwana nawa? Akwai mura?" In ya wuce uku sai in yafa mayafi in tsaya a ƙofar ɗaki har a fita da mutum asibiti. Suna kirana Likita Hajo, ba na dariya.

Filaskon yana nan a bayan gidanmu na Tsafe, duk damina sai ya toho. Ban tuge shi ba, ban kuma sake taɓa shi ba.