Farin zaren da ya fito daga albasa

Baba manomin wake ne. Gonarsa tana kan hanyar Zango, kuma duk damina ba ya sauke tankin feshi daga bayansa, saboda wata tsutsa da ke cinye furen tun bai zama kwanso ba. In ya dawo gida idonsa ja, rigarsa sai warin magani.

Shekarar da babbar yayata ta gama karatun ilimin halittu, ta zo masa da irin wake a 'yar leda. Ta ce wannan tsutsar ba ta iya cinsa. Baba ya jujjuya ƙwayoyin a tafin hannu. Farin wake ne kamar namu.

"Me aka shafa masa?"

"Ba shafawa aka yi ba, Baba, abin a ciki yake. Kowane mai rai yana da wani rubutu a jikinsa, ana ce masa DNA, shi ke tsara yadda zai kasance. Akwai wata ƙanƙanuwar halitta a cikin ƙasa mai yin sinadarin da ke kashe tsutsar. Layi ɗaya aka kwafo daga rubutunta aka sa a na waken."

Baba ya yi murmushi. "Rubutun da ido ba ya gani."

Washegari bayan la'asar Yaya ta sa na daka albasa a turmi. Ta zuba gishiri da sabulun ruwa, ta tace da farin ƙyalle cikin kofin gilashi, sannan ta tsiyaya sifirit na wanke ciwo, mai sanyi, a hankali ta gefen kofin. Muka zuba ido. Can sai wani farin abu ya fara tasowa, siriri, yana lilo kamar gajimare a cikin ruwa. Ta naɗo shi da tsinke.

"Ga rubutun nan, Baba."

Inna ta leƙo ta ce ita dai yauƙin kuɓewa take gani. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗaga kofin saitin rana ya daɗe yana kallo, yana ta "Subhanallah" ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa kwana da kwanaki ban dawo daidai ba. In na zauna gindin dalbejiyar tsakar gida sai in ga kamar kowane ganye takarda ce a naɗe. Na riƙa duba wushiryata a madubi. An ce irin ta kakata ce, wadda ta rasu ban san ta ba, sai in ji kamar ta aiko mini da wasiƙa ne ta cikin jinin Inna.

Kunya huɗu kawai Baba ya ba sabon irin, a bakin gona. Sauran ya shuka wanda ya gada wajen mahaifinsa, ya ce ba zai yar da shi ba. Furen kunyoyin nan bai zube ba, suka yi kwanso jingim. Feshin da ya yi musu kaɗan ne, na sauran ƙwari. Maƙwabcinsa na gona ya ce shi ba zai ci abin da aka taɓa asalinsa ba, Baba bai yi masa musu ba.

Da kaka Inna ta soya ƙosai da shi, muka ci. Lokacin Yaya ta koma birni wajen aiki, sai Baba ya sa na kira ta. Ya karɓi wayar da hannu biyu.

"Uwata, ki tambayo mini malaman naku. Ciyawar nan wuta-wuta da ke shanye mana gero, ita ma tana da rubutun?"