Takabar Kakata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aikin makaranta ya kawo wa gidanmu rasuwa ba.

Ina shekarar ƙarshe a sashen tarihi, a Yamai, malaminmu ya raba mana batutuwan bincike. Nawa ya faɗa kan dokar korar baƙi da ta taɓa maido mutanenmu daga Gana, da gardamar da aka yi a kanta. Na yi murna, don a ganina aiki ne na tara ra'ayoyi kawai. Lokacin kaina cike yake da boko.

Kakana ma yana cikin waɗanda suka tafi Kumasi, amma bai dawo ba. Kakata ta ƙi yin takaba, ta ƙi wani auren. Kullum cewa take, wanda ba a ga gawarsa ba matafiyi ne.

Da hutu na sauka garinmu Filinge, a ƙasar Kurfai, aka kwatanta mini wani tsoho a Tabla wanda korar ta shafa. Na je wurinsa, na kunna waya don ɗaukar murya, na tambaye shi ko yana goyon bayan dokar. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ɗiyata, wace doka? Mu dai mota munka gani."

Ya ce kwana huɗu suka yi a bakin iyaka ba ruwan kirki. Nan wani ya cika a kan cinyarsa, suka yi masa salla, suka rufe shi gefen hanya.

"Baba, mi ne sunanshi?"

"Can ba a kiran suna, sai gari. Ɗan Kurfai muka ce mishi. Dogo na, yatsa shida gare shi ga hannun hagu."

Da wannan yatsan kakata take yi mana labarin kakana tun muna yara.

Sati guda ina juya maganar, tsoro ya hana ni buɗe baki. Da na faɗa mata, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "An yi mishi salla?" Na ce an yi. Ta cire 'yan kunnenta ta miƙo mini, ta shiga ɗaki. Tsohuwa mai jikoki goma sha wani abu, ranar ta fara takaba.

Na gama binciken, aka yaba, amma ban ji daɗin yabon ba. Abin da na koya shi ne, dokar da ake gardamarta a takarda, a ɗakin wata ake zaman makokinta. Tun daga nan, kafin in tambayi mutum ra'ayinsa, sai na fara tambayarsa wa ya rasa.