Sai Da Ya Zare Kebul Ɗin

Wata rana, a farkon dawowata gida daga Ikko, zaman ɗaki ya ishe ni. Shekarun da na yi a can sun koya wa ƙafata yawo. Na fito ba inda na nufa, sai ga ni a wani ƙaramin gidan rediyo inda ɗan kawuna Lawandi yake karanta labarai.

Ina shiga na ga fuskoki a murtuke.

Ashe sabarsu ce ta cika. Ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da duk shirye-shiryen gidan. Ko muryar minti ɗaya ba ta karɓa, ga labaran rana sun ƙarato.

Sun kira wani mai gyara tun jiya. Ban san sunansa ba, har yau ban sani ba. Siriri ne, rigarsa ta jiƙe da gumi duk da fanka biyu na kaɗawa.

Ya kawo sabon faifan ajiya a cikin akwatinsa, ya jona. Da safen nan kuma ya sa wa sabar sabon direba, wato 'yar manhajar da ke sa ta iya magana da na'urar da aka jona mata. Ya kashe, ya kunna.

Saura abu ɗaya: ya goge sabon faifan tas, ya shirya shi don aiki.

Lawandi ya raɗa mini cewa ita saba ba ta san faifai da ido ba. Kowanne tana buɗe masa fayil ne ta laƙaba masa suna: na ɗaya, na biyu, na uku. Sunan da ka rubuta, shi za ta goge. Ba ta tambaya sau biyu.

Jiya, sabon faifan shi ne na uku.

A bakin ƙofa Anti Tasalla ce tsaye, ta dunƙule gefen mayafinta a hannu. Rabin rayuwarta ta yi tana bin ƙauyuka da rikoda, tana naɗar muryoyin tsofaffi: waƙoƙin daka, tarihin garuruwa, kirarin maƙera. Mafi yawansu sun rasu. Kaset-kaset ɗin asali damina ta cinye su a sito.

Abin da ya rage duk yana kan tsohon faifai ɗaya a cikin sabar nan. Babu kwafi ko'ina.

Mai gyaran ya rubuta umarnin gogewa. Na uku. Yatsansa ya tsaya a saman maɓallin.

Bai danna ba.

Manajan gidan, Alhaji Ɗanjummai, ya dubi agogo, ya dubi bayan kan mutumin. Ni kaina na ƙosa. A Ikko da tuni an danna an wuce wajen mai abinci.

Alhaji ya ce, "Malam, wai barci kake? Ba kai ka ce mana jiya na ukun ne sabo ba?"

Ya ce, "Jiya ke nan, ranka ya daɗe. Yau na kashe ta na kunna."

"To sai me? Faifai ƙafa gare shi da zai canja wuri?"

"Faifan da ya riga farkawa shi saba take fara ba suna. Ban ga wanda ya riga ba yau."

Alhaji ya ja tsaki ya ce in labarai suka makara, mai gyaran ne zai shiga ya karanta su da bakinsa. Wani ya yi dariya, ta mutu a hanya.

 Mutumin ya miƙe, ya zagaya bayan teburi, ya durƙusa a cikin ƙura da tarin wayoyi. Ya bi kebul ɗin sabon faifan da yatsa tun daga akwati har gindinsa, ya zare.

Ya dawo ya ce wa saba ta jero abin da take gani.

Muka sunkuyo duka.

Na biyu ya ɓace daga allo.

Na uku yana nan daram.

Wato sabon direban ya sa sabon faifai ya riga tashi, ya karɓe sunan na biyu. Na ukun da aka rubuta za a goge, shi ne na Anti Tasalla.



Anti Tasalla ta sulale ta zauna a ƙasa, tana ta "Innalillahi" a hankali kamar an riga an goge. Alhaji ya cire hula ya share goshi.

Mai gyaran ya share umarnin harafi bayan harafi. Sannan ya ce ba zai taɓa komai ba sai an kwafe muryoyin nan zuwa wani wuri tukuna.

Ranar, labarai sun makara sosai.

Ba wanda ya ƙara duban agogo.

Darasi: Abin da ka tabbatar jiya ba lallai ne ya kwana a inda ka bar shi ba. In aikin da ke gabanka ba ya gyaruwa bayan an yi shi, tashi ka duba da hannunka, ko da ana tsaye a kanka ana tsaki.

Kana da aboki mai saurin dannawa? Tura masa wannan yau, kafin ya danna.