Malam Bukar rafali ya rasu ban nemi gafararsa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni, wai Malam Bukar rafali ya rasu. Na fi minti goma a tsaye da makulli a hannu.

'Yan ƙwallon unguwar Bagadaza duk kun san shi. Malamin motsa jiki ne da rikici ya koro daga Borno, ya zo Gombe da iyalinsa da usur ɗinsa. Shi ke ɗinke mana raga, shi ke zuwa da famfon hura ƙwallo.

Shi ya koya mini jifa. Ƙafa biyu a ƙasa, ƙwallo ta taso daga bayan kai. Sati guda ya yi yana tsayawa da ni bayan tirenin har na daina ɗaga ƙafa.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa ba.

A shekarun da bam ke tashi a garin nan, ba a barin taro ya kai magariba. Jami'an tsaro na bakin fili, shida na yi za a tashi, babu ƙarin lokaci. Sai muka koyi ɓata lokaci, ni ne ma gwanin. In ƙwallo ta fita sai in goge ta da riga, in gyara safa, in yi kamar zan jefa, in miƙa wa wani.

Ranar wasan ƙarshe na kofin unguwanni Malam Bukar ne rafali, ya kira kyaftin biyu, ni da na ɗaya ɓangaren. Ya ce zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar da yatsu, wanda bai jefa ba, jifa ta koma wa abokan karawa. Muka ce mun yarda.

Kafin hutun rabin lokaci sau biyu ya ƙwace musu jifa ya ba mu. Har tafi na yi masa.

Saura minti uku, muna ci ɗaya da nema, ƙwallo ta fita. Na ɗauka na fara halina. Ina kallon yatsunsa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, amma na ɗauka ba zai yi wa ɗalibinsa ba. Ya busa. Suka jefa, suka farke, suka cinye mu a fenariti.

Raina ya ɓaci, na tsaya a tsakiyar fili na ɗaga murya na ce, "Wa ya sani ma ko cikin yaran daji kake?"

Yaran daji shi ne sunan da ake kiran masu tada bam. Duk wanda ya zauna a Gombe a lokacin ya san nauyin wannan magana a kan ɗan gudun hijira. A gaban idona jami'an suka tafi da shi. Kwana huɗu ya yi kafin dattawan unguwa su karɓo shi. Bai sake riƙe usur ba. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga wurinsa, shi da ya gudo daga mutanen da na jingina shi da su.

Ni kuwa ban je na ba shi haƙuri ba. Wallahi kunya ce ta hana ni zuwa, kullum ina cewa gobe.

Azumin da ya wuce na ci karo da shi a Kasuwar Gombe, yana sayar da huluna. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya miƙo hannu yana dariya ya ce, "Habu, har yanzu kana ɗaga ƙafa?"

Na ce, "Malam, akwai maganar da nake so mu yi."

Ya ce, "Ga ni. Faɗi."

Sai na duba mutanen da ke kusa, na ce zan zo gida bayan salla. Ya ɗan dube ni, ya ce Allah ya kai mu. Salla biyu sun wuce ban je ba.

To, tunda a bainar jama'a na ɓata shi, a bainar jama'a zan faɗa. Ƙarya na yi masa. Biyar ya ƙirga musu, biyar ya ƙirga mini, bai zalunci kowa ba. Laifinsa kawai bai bambanta ni da sauran ba.

Daga maƙabarta gidansa zan wuce, in maimaita wannan a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ko su yafe ko kada su yafe, haƙƙinsu ne su ji.

Allah ya jiƙan Malam Bukar, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In kun gama, ku roƙa mini Allah ya sa Malam ya riga ya yafe mini kafin ya tafi, don ni ban tambaye shi ba.