Ranar da Aka Sa wa Tawa Riga

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba, ranar da aka ɗinka wa hasumiyar sanyaya ruwa riga. Lokacin ni ne babban ofareta a wata masana'antar ƙanƙara kusa da Kasuwar Shanu. Jihar Yobe tana sabuwa, azumi kuma ya faɗo tsakiyar bazara. Wanda ya san zafin Potiskum ya san darajar ƙanƙara idan magariba ta kawo jiki.

Mu ma'aikata "tawa" muke ce wa hasumiyar, sunan kuwa ya yi mini daidai, don tawa ce. Injin ƙanƙara yana fitar da zafi, ruwa ya bi bututunsa ya kwashe zafin. Famfo ya tura ruwan sama, ya riƙa zubowa kamar yayyafi ta kan jerin katako, fanka tana jan iska ta gefe. Kaɗan daga ruwan ya bi iska ya tafi da zafin, sauran ya taru a ƙasa da sanyinsa, ya koma inji. Ruwa ɗaya muke juyawa, sai ɗan ciko.

Ana nan aka kawo mana sabon manaja, Alhaji Sani, ƙanen mai kamfanin, gwanin cinikin atamfa a Kano. Mutumin kirki ne, amma ba ya son ganin ɗigo a ƙasa, ga shi ana wahalar ruwa a gari. Da ya ga feshi yana tashi daga tawa sai ya ce ɓarna ce. Wata safiya na iso daga unguwarmu Dogo Nini na tarar an naɗe ta da tamfol, an ɗaure tam kamar kayan da za a kai Legas.

Kafin hantsi allurar gejin da ke auna zafin inji ta haura jan layi. Na nemi manaja, aka ce ya tafi garin Mamudo gaisuwa. A ƙa'ida, ofareta ba ya warware umarnin manaja, amma in na jira shi inji zai ƙone. Na ɗauki wuƙa na yanke igiyoyin.

Da ya dawo ya ba ni kwiri, wato takardar tuhuma. Ana amsa ta cikin kwana ɗaya, in amsar ba ta gamsar ba a sallami mutum. Ya kuma ce za a mayar da tamfol. Raina ya ɓaci, kuma gaskiya na ji tsoro, don ba ni da wata sana'ar.

Kashegari na ɗauro tulu biyu a bayan keke. Na cika su daga famfo ɗaya, na naɗe guda da yankin tamfol ɗin nan, na ajiye su a inuwar ofishinsa. Bayan azahar na yi masa sallama.

"Ranka ya daɗe, ga amsar kwirina."

Muna azumi, ba halin ɗanɗanawa, sai ya tsoma hannu. Ruwan naɗaɗɗen ya yi ɗumi. Ɗayan kuwa sai da ya daɗe da hannu a ciki saboda sanyinsa. Ya shafa jikin tulun da ya jiƙe, ya ce ai wannan yoyo yake yi.

"Gumi ne, ranka ya daɗe. Ɗan abin da ya fita shi ya tafi da zafin."

Ya juya yana kallon tawa ta taga. Can ya ce, "Malam Adamu, tun ina yaro nake shan ruwan randa, ban taɓa tambayar dalili ba." Ya yage kwirin a gabana.

Ranar na koma gida ina ji da kaina, ba zan ɓoye muku ba. Na kuma gane cewa a aikin nan sanin inji rabi ne. Ɗaya rabin shi ne ka iya nuna wa na sama da kai gaskiya da abin da ya riga ya sani, ba tare da ka kunyata shi ba. Tulun mai gumi kuwa bai dawo hannuna ba. Manajan kamfanin ƙanƙara guda, da ruwan tulun nan ya buɗe baki ranar.