Takin da Na Kusa Binnewa a Daura

Talata: Kano zuwa Daura

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, maigidana ya kai ni tasha. A jakata akwai takardun da na shafe wata biyu ina rubutawa. Ni malama ce a wata makarantar koyon aikin duba-gari, kuma wata gidauniya ta yarda ta ɗauki nauyin binciken da zan yi da ɗalibaina a kan jujin gari, da sharaɗin in kawo takardar amincewar mutanen wurin kafin Juma'a ta wuce. In ban kawo ba, tallafin ya tafi wata makaranta, ɗalibaina su gama karatu ba su taɓa ganin aikin ba sai a allo. Daura kuwa na zaɓe ta ne don can gwaggona take aure.

Mota ta cika shida da kwata, naira dubu huɗu kowa. A Dambatta muka sayi ƙosai ta taga, muka wuce shinge biyu kafin Kazaure ba wanda ya ɓata mana lokaci.

"Hajiya, biki za a je?" in ji direba.

"Juji zan je dubawa."

Ya kalle ni ta madubi. "Tun daga Kano? Ai da kin faɗa da na sauke ki a bayan tasha."

Tara saura muka shiga Daura. Gwaggo Rabi, da gidanta ba shi da nisa da rijiyar Kusugu, ta tare ni da fura mai sanyi da faɗan na rame. Bayan la'asar na je wurin mai unguwar da jujin yake, na zayyana masa shirina: a katange wurin, a haƙa babban rami, a riƙa zuba shara ana rufewa da ƙasa. Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya ce ba zai sa hannu ba sai Baba Ɗanjuma ya ji, wato shugaban masu amalanken shanu. Raina ya ɗan sosu, don ban ga abin da ya haɗa mai amalanke da bincikena ba.

Laraba: Daga juji zuwa gona

Bakwai na safe na isa jujin, na tarar da amalanke shida ana ta loda musu shara da shebur. Baba Ɗanjuma dattijo ne siriri mai farin gemu. Na durƙusa na gaishe shi, na maimaita bayanin jiya, hancina a cikin mayafi.

"Wato binnewa za ki yi?" ya tambaya.

"E, Baba, don lafiyar jama'a."

"'Yata, wannan da kike toshe wa hanci tokar murhu ce da kashin awaki da ƙaiƙayi. Shi muke kai wa gonaki kowane rani tun ina yaro. In kin binne shi, gero ya ci me?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Wata biyu ina rubutu a kan juji, ban taɓa tambayar ina sharar take zuwa ba. Ya ce in hau mu je in gani, na tattara zanena na hau bayan amalanke. Kilomita biyar ne a kan hanyar Mashi, amma sai da shanun suka ci awa ɗaya da rabi, ƙashin bayana ya ji a jikinsa.

A gonar an jera takin tsibi-tsibi ana jiran ruwan farko. Kowane tsibi da baƙar leda a jikinsa, iska na kwasa tana watsawa, ga tumaki suna bi suna tauna.

"Taki ba shi ne ciwonmu ba," in ji Baba. "Zo ki ga ciwon."

A gidansa, nan gefen gonar, ya sa hannu ƙarƙashin rumbu ya jawo wani dunƙulallen abu baƙi, ya kai girman ƙwaryar fura, ga tauri. Ya ce bijiminsa ne bara ya yi ta ramewa yana kumburi, har dole aka yanka shi. Da mahauci ya farka tumbin, abin da ya ciro ke nan, leda ce zalla ta cure. Shi ya sa ɗaya daga cikin shanun da suka jawo mu ma aro ne.

"Na ajiye ne don in nuna wa duk wanda ya zo tambaya. Shekara guda ke nan, ke ce ta fari."

Matarsa, Inna Hajara, ta kawo mini ɗanwake da man gyaɗa, ta tsare ni sai da na cinye. Na hau babur na koma gari, na baje a tsakar gidan Gwaggo tun azahar har magariba ina sake rubutu. Na soke katanga. Na rubuta cewa za mu kafa ragar waya irin ta masu tankaɗe yashi, a tace taki a bakin juji kafin a loda, ɗalibai su auna abin da ya rage a raga, leda da batura da kwalabe, shi kaɗai za a binne.

Alhamis: Sa hannu da komawa

A zauren mai unguwa na karanta sabon shirin da Hausa, masu amalanke suna zaune. Da na gama, kowa ya juya yana kallon Baba.

"Na yarda, amma ɗaliban nan su riƙe shebur da hannunsu. Ban son masu tsayawa a inuwa da littafi."

Na yi alƙawari. Ya dangwala yatsa, mai unguwa ya sa hannu. Da zan tafi, Baba ya miƙo mini dunƙulen nan a naɗe cikin tsumma, ya ce in kai wa masu kuɗin su gani. Gwaggo ta yi ta dariya, wai mutane na komawa da kilishi, ni da abin cikin tumbi. Sha ɗaya muka tashi, biyu da rabi ina gida lafiya.

Ranar Juma'a na ajiye takardata gaban mutanen gidauniyar, na kwance tsumman. Suka riƙa miƙa wa juna, wani ya tambayi wane irin dutse ne. Na faɗa musu leda ce, daga tumbin bijimi aka ciro ta. Bayan sati uku aka kira ni cewa an amince.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Gwaggo Rabi, da Inna Hajara, da mai unguwar da ya ƙi sa mini hannu ranar Talata. Baba Ɗanjuma kuwa waya na buga masa ina ta zuba godiya.

"Alhamdu lillahi, 'yata," ya ce. "To, in za ku zo ki taho mini da abina. Akwai sauran waɗanda ba su gani ba."